Batirin zuciyar Baba: Medtronic ko Abbott, ko a yi odar wani?

Ummu Khalil, Makka
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wajen wanda ya sani. Mahaifinmu, shekarunsa 68, yana ta suma tun bayan ƙaramar salla. Ba jiri, ba gumi, ba komai. Yana zaune yana lazimi sai dai a ga ya kife, kafin a kawo ruwa ya farka yana tambayar me ya faru. Na ƙarshen nan ya fasa goshi a bakin ƙofa, shi ne muka kira 997 aka kwashe shi. A asibiti suka ce bugun zuciyarsa 34 ne a minti, wai hanyar lantarkin da ta haɗa saman zuciya da ƙasanta ce ta toshe gaba ɗaya, dole a sa masa batiri, wato na'urar da ake dasawa ta riƙa daidaita bugun zuciya. Yanzu haka an jona masa na wucin gadi ta wuya. Tamin, wato inshorar lafiya, ya amince da aikin, amma likita ya ce iri biyu ne a hannunsu, na kamfanin Medtronic da na Abbott, in muna son wani daban sai an yi oda mu cika kuɗi. Don Allah wanne ya fi?

Ɗan Hindawiyya
Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai Medtronic zan ce, su ne manya, sunansu kake ji ko'ina. Kuma ku tambaya ko suna da Micra, wanda ba waya, ba yanka a ƙirji. Ta jijiyar cinya ake tura shi har cikin zuciya. Tunda tamin ne zai biya ai gara a ɗauki na zamani.

Hajiya Mai Turare, Madina
'Yata, Allah Ya sawwaƙe. Ku ji daga bakina, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ni Biotronik ne a ƙirjina, na Jamus. Na sha suma a tsayuwar tarawihi, a layin shiga Rauda, har a gaban murhu ina tuƙa tuwo. Sai in ji zafi ya taso mini, kunnuwana su toshe, idona ya yi duhu, daga nan sai ƙasa. An ɗaure ni a gadon nan da ake miƙarwa tsaye, a nan aka ga zuciyata tana tsayawa cak. Likitana ya ce wannan kamfanin ne ke da wani tsari da ake ce wa CLS, yana jin alamar suma tun tana tafe, sai ya ƙara bugu. Tunda aka sa mini jirin kan zo jefi-jefi, amma ban sake faɗuwa ba. In dai don suma ne ku cika kuɗin a kawo muku shi. Lafiyar mahaifi ta fi riyal.

Ummu Khalil, Makka
Hajiya na gode, amma kin ƙara ɗaure mini kai. Na tura wa yayanmu saƙonki, ya ce ko bashi ne zai ciwo a yi odar.

Malam Nas, Riyad
Salamu alaikum. Ummu Khalil, ki ce wa Yaya ya dakata da cin bashin tukuna. Ni ba likita ba ne, nas ne a sashen da ake duba masu batirin zuciya, to abin da nake gani kullum zan faɗa, likitan da ke kansa shi zai yanke.

Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya, abin da kika faɗa a kan kanki gaskiya ne, sai dai ciwonki daban, na Baba daban. Ki duba bayanin da kuka yi ku biyun. Ke sumarki tana sallama kafin ta shigo: zafi, toshewar kunne, duhun ido, kuma sai an daɗe a tsaye. Wannan jijiya ce ke aika wa zuciya saƙon ta sassauta, jini kuma ya taru a ƙafafu, alhali ita zuciyar lafiyarta ƙalau. Ga mai irin wannan, in ya haura 40 kuma gwaji ya nuna zuciyar na tsayawa, lalle CLS na da hujja. An yi bincike mai suna BIOSync, sakamakonsa ya fito a 2021, da mutum 127 duk an dasa musu na'urar. A waɗanda aka kunna wa, kashi 16 cikin ɗari ne suma ta dawo musu, a waɗanda aka bar ta a kashe kuwa kashi 53.

Baba kuwa a zaune yake faɗuwa ba gargaɗi, bugunsa 34. Lafiyayyen babba daga 60 zuwa 100 yake yi. Shi saman zuciyarsa na ba da umarni yadda ya kamata, umarnin ne ba ya isa ƙasa. Abin da yake bukata na'ura mai waya biyu, ɗaya ta saurari sama, ɗaya ta buga ƙasa a kan lokaci. Wannan aikin duk kamfanonin nan sun iya shi, Medtronic, Abbott, Boston Scientific, Biotronik, MicroPort. Babu wata suma da CLS zai hango masa, don tasa ba ta ba da sanarwa.

Abin da ma ya fi damuna wayar wucin gadin nan ce da ke wuyansa. Duk kwanan da ta ƙara, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta na ƙaruwa, kuma tana iya gocewa. Jiran oda ba alheri ba ne a gare shi.

Hajiya Mai Turare, Madina
To Malam, kai ne a ciki. Ni dai na san na huta. Amma haka ne, ni ban taɓa faɗuwa ina zaune ba.

Ɗan Hindawiyya
To Micra fa Malam? Ba ka ce komai a kansa ba.

Malam Nas, Riyad
Ƙanena, Micra abu ne mai kyau, nauyinsa bai wuce giram 2 ba, tun 2016 Amurka ta amince da shi. Abbott ma na da nasu marar waya, Aveir, a 2023 aka amince da mai guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa suna aika wa juna saƙo. An fi sa wa mutanen da jijiyoyin ƙirjinsu suka toshe, ko masu wankin ƙoda, ko wanda aka taɓa sa wa na ƙirji wurin ya ruɓe. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, ba lalle tamin ya yarda ba, kuma ba kowane likita ne aka horar a kan dasa shi ba, balle cire shi. Ummu Khalil tana iya tambaya, tambaya ba laifi. Amma dattijon da jijiyoyinsa ke buɗe, mai wayar nan da aka saba ya ishe shi.

Tambayoyin da na fi so ki yi wa likita su ne waɗannan. Wane magani Baba yake sha? Akwai magungunan hawan jini irin su Concor da ke rage bugu, haka digoxin, har ɗigon idon nan timolol da ake ba masu hawan jinin ido yana iya yi, mutane kuma ba sa lissafa shi a cikin magani. Sai hoton zuciya na eko: ƙarfin bugunta nawa ne? In ta yi rauni sosai, zancen ya tashi daga waya biyu, ana iya komawa mai waya uku ko mai ba da shokin in bugun zuciya ya rikice. Wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci.

Ummu Khalil, Makka
Amlodipine kaɗai yake sha sai na suga. Ba ya ɗiga komai a ido. Eko sun ce 55, wai da kyau. Sun auna gishirin jini da sinadarin maƙoshi (tayirod) ma, duk lafiya.

Abu Zainab, Jarwal
Jama'a ku yi haƙuri da ni. Mutum yana lazimi ya faɗi ba dalili, ya farka bai san me ya faru ba, an gwada ruƙiyya kuwa kafin a kai ga yanka? Muna zaune a garin da Zamzam take. Ba na hana asibiti, amma sa wa tsoho ƙarfe a ƙirji ba ƙaramin abu ba ne.

Ummu Khalil, Makka
Malam, an yi. Tun farkon abin ƙanin Baba yake zuwa yana masa tofi, Zamzam kuwa ita ce ruwan shansa. Wasu ma farfaɗiya suka ce, don wani lokacin yakan ɗan fizge. Amma ni da idona na ga layin nan a talabijin ɗin da ke kansa ya miƙe sambal, yana cikin yi mini magana ya ɗauke, ma'aikata suka rugo. Addu'a ba za mu fasa ba, aikin ma ba za mu fasa ba.

Malam Nas, Riyad
Fizgar nan takan faru in jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa na 'yan daƙiƙu, shi ya sa ake rikita ta da farfaɗiya. Akwai waɗanda suka daɗe suna shan maganin farfaɗiya kafin a gane zuciya ce. Malam Abu Zainab, a ci gaba da addu'a, ita ma Zamzam ba ta da wata rigima da batiri.

Ummu Khalil, saura tambaya ɗaya. Nan da shekara biyar, a ina Baba zai kasance? Makka ko gida?

Ummu Khalil, Makka
Ai shi kullum zancensa ke nan, ya gaji da sabunta igama, takardar izinin zama, yana so ya koma Katsina ya zauna a gidan da ya gina. Da ba don ciwon nan ba bayan Hajji ya so tafiya.

Ɗan Mai Wurno, Jidda
To 'yar'uwa, a nan zancen yake, bari in sa baki. Kawuna an sa masa batiri a Khartum shekaru kafin yaƙi, yana zuwa ana duba shi, ba matsala. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 suka gudu garin Wad Madani, da aka shiga Madani a Disamba suka sake gudu, suka ƙare a gabas. Katin na'urar da takardun asibiti duk suna cikin akwatin da aka baro. Ya fara jin kasala, aka kai shi wani asibiti, likitan zuciya na nan, mutumin kirki, amma kwamfutar da ke gabansa ta wani kamfani ce. Ya ɗora abin a ƙirjin Kawu, shiru, ba ta san shi ba. Sai da aka ɗauki hoton ƙirji aka lalubo wane iri ne daga siffarsa, sannan aka shiga cigiyar inda kwamfutarsa take. Tsohon nan ya sha zaman mota a hanyar da ba kowa ke so ya bi ba, don kawai a gaya masa sauran batirinsa nawa.

Kamar ka sayi mota ce mai kyau ka kai ta garin da ba makanikinta ba kayan gyaranta. Ni ban san wanne ya fi a cikinsu ba, amma na san wanda ba a iya karantawa a inda kake zaune bai yi maka ba.

Malam Nas, Riyad
Allah Ya saka da alheri, ka hutar da ni. Kowane kamfani da tasa kwamfutar. Ta Medtronic ba ta saita Abbott, ta Abbott ba ta saita Biotronik. Mu a nan duk muna da su a jere a ɗaki ɗaya, har mukan manta cewa ba ko'ina haka yake ba. Kuma batirin zuciya ba a sa shi a manta. Ana dubawa 'yan makonni bayan aiki, daga nan duk wata shida zuwa shekara, a ga lafiyar wayoyi, a ga sauran caji, a rage ƙarfin bugun in ya yi yawa don batirin ya daɗe. Ga mutum irin Baba da zai dogara da shi kusan kowane bugu, wannan dubawar ba ta wasa ba ce. Idan ya kusa ƙarewa na'urar takan shiga wani yanayi na gargaɗi, a samu kamar wata uku a canza. Wanda ba a dubawa ba zai san ya shiga ba.

Saboda haka Yaya ya bar neman bashi, ya nemi lambar likitan zuciya a Kano ko Katsina ko Abuja, duk inda Baba zai iya zuwa ba wahala. Tambaya ɗaya zai yi masa: kwamfutar wane kamfani kake da ita a hannu, kuma wakilin wane kamfani ne ke zuwa in ka kira? Amsar da ya ba shi ita ce zaɓinku a tsakanin biyun.

Bint Takari
Ni fa na karanta cewa na Abbott ana iya yi masa kutse ta intanet a tsayar wa mutum da zuciya. Ku yi hankali.

Malam Nas, Riyad
Labarin na da tushe amma ya tsufa. A 2017 ne, shekarar da Abbott ta sayi St. Jude Medical, hukumar magunguna ta Amurka ta sanar cewa na'urori kimanin 465,000 na bukatar a sabunta musu manhaja saboda ɓarakar tsaro. Ba a yanka kowa ba, ana zuwa asibiti a ɗora kwamfuta a gyara. In kuma tonon silili za a yi, ba wanda zai tsira. Medtronic ta janye wayarta Sprint Fidelis a 2007 saboda karyewa, St. Jude ma an janye tata Riata a 2011, duka biyun na masu shokin ne. Boston Scientific da sauran su ma kowa da ranar da ya aika wa likitoci takardar gargaɗi. Wannan ma wani dalili ne na a kasance inda ake bibiyar mutum, don in gargaɗi ya fito ta lambar na'urar ake nemo masu ita.

Ɗan Hindawiyya
To ke nan duk ɗaya ne? Ni ban yarda ba Malam. Kamfanoni biyar suna gasa a ce ba bambanci?

Malam Nas, Riyad
Ban ce ba bambanci ba. Na Hajiya ga shi nan, CLS na Biotronik ne kaɗai. Boston Scientific na da na'urar da ke lura da numfashi ban da motsin jiki, tana amfanar wanda zuciyarsa ba ta hanzarta in ya motsa, musamman matashi mai tuƙa keke ko hawan bene. Azure na Medtronic yana haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth ya aika rahoto asibiti. Assurity na Abbott yana da akwatin Merlin da ake ajiyewa kusa da gado. Amma shi aika rahoton sai akwai asibitin da ke karɓa a ɗaya ɓangaren, in ba haka ba ado ne. Batiri kuma kowa yana tallar shekarunsa, a zahiri dai wajen shekara 10 ne, wani ya wuce wani ya gaza, gwargwadon yawan aikin da yake yi da yadda aka saita shi.

Abu ɗaya da zan ce a tsaya a kai: a tabbatar akwatin da wayoyin duk na kamfani ɗaya ne kuma masu shiga MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganaɗisu. Bakin wayoyin iri ɗaya ne, ana iya jona ta wannan a akwatin wancan ta yi aiki, amma da an gauraya asibitoci da yawa sai su ƙi yi wa mutum MRI. Dattijo mai suga da hawan jini kuwa ba a san ranar da za a bukaci hoton kai ko na baya ba.

Sannan ki tambayi likitan wanne hannunsa ya fi sabawa da shi. Yawancin matsalar da muke gani a watannin farko, gocewar waya ko kumburin wurin ko ruɓa, daga aikin ne da kulawar bayansa, ba daga tambarin da ke jikin akwatin ba.

Ummu Khalil, Makka
Wata sabuwa kuma. Baba ya ce shi fa ba ya so a sa masa abin da zai riƙe shi a duniya bayan kwanansa sun ƙare. Wani ne a ɗakin ya gaya masa wai mai batiri ba ya mutuwa sai an cire.

Hajiya Mai Turare, Madina
Ha'a! Ki gaya masa in ji ni, ni ma an faɗa mini wannan shirmen. Wa ya isa ya tare ajali? Maƙwabcina da muke haɗuwa a asibiti da batirinsa ya rasu, da shi aka kai shi Baƙi'a, ba wanda ya cire komai.

Malam Nas, Riyad
Haka ne Hajiya. Na'urar ɗan tartsatsin lantarki kawai take aikawa, in tsokar zuciya ta daina amsawa shi ke nan. Ki ba shi labarin mutumin farko da aka dasa wa a duniya, Arne Larsson, a Suwidin a 1958. Irin ciwon Baba ne da shi, yana suma sau da yawa a rana. Ta farkon sa'o'i kaɗan ta yi ta lalace aka sa wata. An canza masa fiye da ashirin a rayuwarsa, ya rasu a 2001 yana da shekara 86, kuma ba ciwon zuciya ne ajalinsa ba. Likitan da ya yi masa aikin da injiniyan da ya ƙera na'urar duk sun riga shi tafiya.

Ummu Khalil, Makka
Alhamdu lillahi, Baba ya yarda. Yaya ya samu wani likitan zuciya a Kano ta hannun abokinsa, ya ce kwamfutar Medtronic ce a wajensa, ɗayar sai ya aiko daga wani gari. Mun gaya wa likitan nan, ya ce shi duk biyun yana sawa, ba damuwa. Gobe da safe in Allah Ya so za a shiga da shi, mai waya biyu, mai shiga MRI. Sun ce ba za a sa shi barci ba, allurar kashe wuri ce kawai. A sa mu a addu'a. Me za mu kiyaye bayan an fito?

Ɗan Mai Wurno, Jidda
Allah Ya sa a yi a sa'a. Katin da za su ba shi ku ɗauki hotonsa gaba da baya, kowa a gidan ya ajiye a wayarsa, ku tura wa na Katsina ma. Kafin ya bar ƙasar ku roƙi a buga muku takardar saitin na'urar ta ƙarshe, da Turanci.

Malam Nas, Riyad
Amin. Hannun hagu, ɓangaren da aka saba dasa batirin, kada ya ɗaga shi sama da kafaɗa na 'yan makonni, likita zai faɗi adadin, amma kada ya naɗe shi ya ƙi motsawa, kafaɗar sai ta ƙage. Kabbara zuwa daidai kafaɗa ba komai. Ban da ɗaukar jarkar Zamzam, ban da dogara da hannun wajen tashi daga sujada a kwanakin farko, in ya ji nauyi ya yi salla a kujera. Ɗawafi a cikin turmutsitsin ƙasa a bar shi sai wurin ya warke, gwiwar hannun wani na iya dukansa. Kada ruwa ya taɓa ɗinkin sai sun ba da izini. In kun ga ja, ko kumburi, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi, ku koma wajen waɗanda suka yi aikin, kada ku bari wani a ƙaramin asibiti ya soka allura wai zai zuƙe. A filin jirgin Jidda ko tashar jirgin ƙasa na Haramain ya nuna kati, ya wuce ƙofar bincike da tafiyarsa ta kullum ba tsayawa, kuma kada a ajiye masa sandar binciken a kan ƙirji.

Hajiya Mai Turare, Madina
Malam ka manta aljihu. Jallabiyar maza aljihunta a ƙirjin hagu yake, daidai kan batirin, kuma nan tsofaffin nan suke cusa waya.

Malam Nas, Riyad
Wallahi Hajiya kin fi ni. Santimita 15 ake so tsakanin waya da na'urar, musamman sababbin nan masu maganaɗisu a bayansu. Ya riƙa sa ta a aljihun gefe na dama, ya amsa kira da kunnen dama.

Ummu Khalil, Makka
To wannan sai dai in kai jallabiyoyin wajen tela ya ɗinke aljihun, don faɗa masa da baki ba zai yi ba. Ƙarfe nawa ake barin mai rakiya ya shiga da safe, ko akwai wanda ya sani? Na manta ban tambaya ba.

Malam Nas, Riyad
Kowane asibiti da tsarinsa, ki kira ɗakin da yake kwance yanzu, masu aikin dare za su gaya miki. Ki tambaye su har da maganin suga, ko zai sha da safen ko a'a, tunda ba zai karya ba.